Abin da ke jan samari zuwa ga tarihin manyan dauloli

Ɗan yayana yana da shekara 15, kuma tun wajen watanni shida da suka wuce duk hirar da aka fara da shi sai ta ƙare a kan Rumawa ko Mangol. Wata rana da dare na tarar da shi ya duƙufa a kan waya, ya buɗe taswirar Daular Rumawa ta shekarar 117, lokacin da ta kai iyakar faɗinta, yana bin iyakokinta da yatsa tun daga Ingila har ƙasar Iraƙi ta yau, bai ma ji shigowata ba.

A ganina, tushen wannan sha'awa yana cikin shekarun kansu. Yaro ya tasa, muryarsa ta buɗe, yana jin ƙarfi a jikinsa, amma har yanzu sai an ba shi izini kafin ya fita, kuma idan manya suna shawara ba a neman ra'ayinsa. Yana cikin wannan hali sai ya karanta cewa Iskandar na Masidoniya ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara 20, kuma Sarki Muhammadu na Biyu na Daular Usmaniyya ya ci birnin Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a 1453 yana da shekara 21, bayan ya sa an ja jiragen ruwa ta kan tudu don a kewaye sarƙar da ta tare mashigar tashar birnin. Labarin Jangis Khan, wanda ya kafa Daular Mangol, ya fi kowanne kama zuciyar yaro, domin an kashe mahaifinsa da guba yana ƙarami, dangi suka juya wa gidansu baya, amma a 1206 ƙabilun Mangol suka taru suka yi masa mubaya'a. Duk yaron da ya taɓa jin an raina shi zai ga kansa a nan.

Akwai kuma daɗin tsari, wanda manya sukan manta da shi. Rundunar Mangol an kasa ta goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, kowa ya san na gabansa, kuma irin wannan abu ne da yaro zai iya haddacewa ya ƙware a kai har ya fi malaminsa. Wasannin kwamfuta sun ƙara wa abin armashi, tunda suna damƙa masa ragamar daula a hannu.

Ban ga dalilin tsorata da wannan sha'awa ba, sai dai abu ɗaya yana damuna: taswira ba ta nuna mutane. Launin da ke bazuwa a kanta garuruwa ne da aka ƙone da iyalai da aka kama bayi. Saboda haka na tambaye shi me ya faru da mutanen Bagadaza a 1258, lokacin da Hulagu, jikan Jangis Khan, ya ci birnin ya kashe halifa. Ya yi shiru, don bai taɓa duba yaƙin ta ɓangaren waɗanda ke cikin ganuwa ba.

Bayan mako guda ya dawo mini da labarin ɗakunan karatun da aka lalata a birnin, tare da wata sabuwar tambaya da ta hana shi sakat: su waye suke noma abincin da waɗannan rundunoni suke ci, kuma nawa ake bar musu bayan an karɓi haraji?