Taron ƙara wa juna sani a Gombe

Jiya na leƙa taron masu bincike kan yawan jama'a da lafiya nan Gombe. Turanci ya yi yawa, gaskiya, amma na ƙaru. Wata malama ta haska alƙaluman binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa (NDHS) na 2018: cikin yara 1,000 a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma haɗarin ɗan talaka ya ninka na ɗan mai hali sau uku. Sai wata ungozoma daga Dukku ta miƙe, ta ce ita lissafinta kuɗin mashin ne zuwa asibiti idan naƙuda ta tashi tsakar dare. Ni kuwa abin da ke ci min rai, rabonmu da ƙidaya tun 2006, ta 2023 ma ɗage ta aka yi. Da ƙiyasi ake tsara mana asibiti da makaranta.