Inda motata ke juye kayanta

Sana'ata ita ce yasar masai, kuma ina da motocin tanki guda biyu da ma'aikata biyar, muna zagaya Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra, babban birnin Gana, wanda mu 'yan zango muke kira Ankara. Na koyi aikin ne a hannun kawuna, tun ina saurayi ina jan tiyo a bayan motarsa. Masu gidaje da yawa suna ɗauka cewa da zarar an tsotse shadda an mayar da murfi to aiki ya ƙare, amma a wurina mafi nauyin aikin shi ne inda direba zai kai abin da ya ɗauko, domin a garin da ke bakin teku duk najasar da ba a sarrafa ba, komai daɗewa teku za ta nufa.

Wanda ya san garin nan ya san hanyar ruwansa. Babbar kwatar Nima tana gangarawa ta faɗa kogin Odaw, shi kuma ya bi ta gefen babbar mahaɗar hanyoyi da ake kira Circle ya shiga tafkin Korle, daga nan ruwan ya fita teku tsakanin Jamestown da Korle Gonno, daidai inda masunta ke tura kwale-kwalensu. Kusa da wannan bakin ruwa ne wurin da ake kira Lavender Hill yake, inda aka shafe shekaru masu yawa motoci irin nawa suna ja da baya su buɗe bututu su zuba ɗanyen bahaya a cikin teku. Ni ma na juye a can sau da yawa, domin a wancan zamani nan ne mazubar da kowa ya sani, kuma har yanzu ina tuna yadda ruwan ya zama baƙi ƙirin a wurin, igiyar ruwa tana mayar da kumfarsa kan yashi, yara kuma suna wasa ba nisa da mu. A ƙarshen shekarar 2016 aka ƙaddamar da matatar najasa a wannan wuri, wadda aka gina domin ta karɓi kimanin lita miliyan 2 a rana. Yanzu mota tana juyewa ne a cikin matatar, a tace shara, a raba kauri da ruwa, a sarrafa ruwan kafin a sake shi. Ana biyan kuɗin juyewa, ana kuma bin layi, ni kuwa ina ganin wannan kuɗi da wannan jira sun fi kowane abu daraja a cikin sana'ar.

Sai dai rufe tsohuwar mazubar bai kawo ƙarshen matsalar ba, saboda najasar da ke isa teku ba duka ce ke hawa mota ba. Ƙalilan ne daga cikin gidajen Accra suke haɗe da bututun najasa na gari, sauran kuwa da shadda ko masai ko bayan gidan haya suka dogara. Idan damina ta kankama, musamman a watannin Mayu da Yuni, ruwa yana shiga ta fasassun murafe, na ƙasa ma yana tasowa, sai ramin da ya kamata ya yi shekara ya cika a cikin 'yan makonni ya tumbatsa cikin lungu. Ruwan sama na farko bayan rani shi ya fi kowane ƙazanta, domin yana kwashe duk abin da ya taru a kwata, har da bahayar da ake ƙullewa a leda a jefar da dare, da kashin dabbobi, da jinin mayanka.

Akwai abin da na gani da idona a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa. Mun haɗa tiyo uku kafin mu kai ramin saboda ƙuncin lungun, kuma da muka ɗaga murfi sai na lura da wani ƙaramin bututu a jikin bangon shaddar, an toshe bakinsa da tsumma da leda, ɗaya bakin kuma yana kallon kwata. Na tambayi dattijuwar da ke kula da gidan, sai ta ce, "Ɗana, idan aka yi ruwa mai ƙarfi muna zare tsumman ne ya rage, ai ruwa yana tafiya da shi." Na ce mata, "Hajiya, yana tafiya da shi ne zuwa inda ake kamo kifin da kike saye a kasuwa, kuma kafin ya kai can sai ya bi ta ƙofar maƙwabtanki." Ba mugunta ce ta sa ta yin haka ba, kuɗin mota ne ya yi wa masu hayar nauyi. Mun toshe bututun da siminti, muka kuma yi yarjejeniya cewa kowane ɗaki zai riƙa ajiye wani abu a wata, mu kuma mu zo kafin ramin ya cika.

Abin da ke cikin wannan ruwa ba a ganinsa da ido. Masu gwaji suna ɗibar ruwan teku su ƙirga ƙwayoyin cuta irin su E. coli da enterokokai a cikin kowane mililita 100, domin yawansu shi ke nuna cewa bahaya ta shiga ruwan, kuma inda ta shiga ana iya samun ƙwayoyin kwalara da taifod da sauran cututtukan gudawa. Gishirin teku ba ya kashe su nan take kamar yadda wasu ke zato. Hasken rana yana rage su, amma idan ruwa ya gurɓace da laka hasken ba ya ratsa shi sosai, shi ya sa nake hana yarana shiga teku sai an kwana biyu ko uku bayan ruwan sama mai yawa. Ba mu manta da annobar kwalara ta 2014 ba, wadda ta kama mutane fiye da 28,000 a Gana ta kashe fiye da 200, kuma Accra ce ta fi shan wahala. Ambaliyar ranar 3 ga Yuni 2015 kuwa, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle ta hallaka mutane sama da 150, ta nuna abin da kwatoci cike da shara ke iya jawowa a dare ɗaya.

Babban abin da ke damuna a kasuwar shi ne mai motar da ke karya farashi domin ya san ba zai je matata ba, zai samu wata kwata ko fili ne da tsakar dare ya buɗe bututu. Ba zan iya gogayya da farashinsa ba, tunda ni ina biyan man zuwa bakin teku da kuɗin juyewa da safar hannu da takalman roba na ma'aikata. Saboda haka na sa doka cewa kowane direbana sai ya kawo mini shaidar juyewa a kan kowane sawu, kuma ina nuna ta ga duk mai gidan da ya nema. Ina kuma roƙon abokan cinikina su daina jefa ledar ruwa da ƙunzugun jarirai a rami, domin su ke toshe tiyo su mayar da aikin awa ɗaya ya zama na yini. Tun daga watan Fabrairu nake fara kiran tsofaffin abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya, ina tuna musu su yashe su gyara murfi kafin hadari ya fara haɗuwa, kuma a bana gidan Hajiyar nan ne ya riga kowa kirana.