Yadda na koyar da motsa jiki ta takarda

Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, sai aka ce mu mayar da darussanmu ƙananan kundaye, iyaye su riƙa karɓar na wannan mako suna dawo da na makon jiya. Ni da aikina usur ne da fili da sa ido a kan jikin yaro, sai na rasa ta inda zan kama.

Kundin farko na cika shi da bayani: ma'anar juriya, sunayen tsokoki, dokokin ƙwallon raga. Amsoshi suka dawo tsaf, maki ya yi kyau, amma ba wanda ya yi gumi. Na ce to kowa ya turo bidiyo. Masu waya da data ne kaɗai suka turo, sauran na kusa hukunta su kan abin da ba laifinsu ba ne. Na janye.

Bugun zuciya ne ya gyara mini aiki. Na koya musu ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ban da babban yatsa domin shi ma yana da nasa bugun, su ƙirga na daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu. Su rubuta kafin su fara, da zarar sun gama, da kuma bayan hutun minti ɗaya. Wanda ya zauna ya ƙago lambobi ba ya ɓoyuwa, don jiki ba ya ba da lamba ɗaya kwana bakwai a jere. Irin wannan ɗalibin ba na rage masa maki, sai in rubuta masa a gefe cewa minti biyar na gaskiya sun fi mini shafi guda na ƙarya. Da yawa sun gyara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana. Yaron da ke kulle a ƙaramin ɗaki ba zai yi su a tashi ɗaya ba, sai na yanka su minti goma-goma, na ce shara da wanki da hawan bene duk a lissafa.

Abin da ya gagare ni shi ne gyaran tsayuwa. Takarda ba ta ganin gwiwa. Wata ɗaliba ta yi mako uku tana tashi-tsuguna gwiwoyinta na karkata ciki, ban sani ba sai da ta rubuto cewa suna mata ciwo. Da a fili ne, kallo ɗaya ya ishe ni. Har yau abin na damuna. Daga nan na cire duk wani atisaye mai tsalle, na ce a riƙa tsugunawa zuwa kan kujera a tashi, kuma a shafin farko na kowane kundi na rubuta da manyan baƙaƙe: in ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko zafi a gaɓa, ka tsaya ka gaya wa babba.