Buhu goma sha biyar ƙasa da sifili

Talata, Agege, Legas.

Yinin yau kacokan ya tafi a kan manhajar lissafi ta wani shagon sarin albasa a Mile 12, irin wadda ake girkawa a kwamfutar tebur, ba ta buƙatar intanet. Da safe rahoton kaya ya fito da buhu -15. Yaron da ke koyon aiki ya ce, "Yaya, ai na hana akwatin rubutu karɓar lamba ƙasa da sifili, ta ina ta shiga?" Ta takardar Excel da aka loda jiya da yamma ta shiga. Wannan hanyar ba ta bi ta akwatin rubutu ko kaɗan, kai tsaye take zuba bayanai a rumbu, wato ma'ajiyar bayanan manhajar.

Matsalar ke nan da jibge tantancewa a fuskar manhaja, wato abin da mai amfani ke gani yana buga bayani a ciki. Fuska ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi da yawa: akwai loda fayil, akwai maido da ajiya, akwai wata taga da za a ƙara baɗi. Ko a Qt, kayan aikin da muke gina fuskar da shi, rubutun da manhaja ta saka da kanta ta hanyar umarnin setText ba ya bi ta QValidator, mai tantance abin da ake bugawa a akwati.

Ba wai fuska ba ta da aiki ba ne. Nata shi ne taimakon mai bugawa nan take. QValidator na da matsayi uku: abin da ba zai taɓa yin daidai ba, abin da ke kan hanya, da abin da ya cika. Na tsakiyan nan shi ake yawan mantawa. Wanda ya buga 0803 bai yi kuskure ba, bai gama ba ne, don haka kada a ja masa jan layi sai ya bar akwatin ko ya danna Ajiye.

Dokar kasuwancin kanta kuwa mazauninta zuciyar manhaja, ɓangaren da tsarin MVC na rarraba manhaja kashi uku, wanda Trygve Reenskaug ya tsara a cibiyar bincike ta Xerox PARC a 1979, ya ware daga fuska. Nan muka mayar da komai da rana. Adadin buhu dole ya wuce sifili, kuma kada ya zarce abin da ke sito. Lambar waya a cire mata tazara, a mai da +234 zuwa 0, sannan a tabbatar lambobi 11 ne. Lambar asusun banki 10 ce, ta ƙarshen ta tantancewa ce da ake lissafawa haɗe da lambar bankin. Lambar waya da ta asusun duka a ajiye su a matsayin rubutu, domin da zarar an ɗauke su lamba sifilin farko ya ɓace, abin da Excel ke yi kullum. Kuɗi kuma a kwabo, cikakkiyar lamba: ₦45,000.50 ta zama 4500050, saboda lamba mai ɗigo ba ta riƙe 0.1 daidai a kwamfuta. Aiki guda ne ke duba duk wannan ya dawo da jerin kurakurai, kowanne da sunan gurbinsa. Fuska ta nuna su, mai loda fayil ya rubuta su layi-layi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gurbin suna. An taƙaita shi ga haruffan A zuwa Z, ke nan Sa'adatu, Ɗanladi da Ƙasimu duk ba su da shiga, a manhajar da Hausawa ke amfani da ita. Mun cire wannan shinge. Suna dai kada ya zo fanko, kada ya wuce haruffa 100. Tsoron alamar ɗauri ('), irin ta cikin Sa'adatu, ta ɓata umarnin SQL da ake aika wa rumbu, maganinsa aika ƙima daban da umarnin, ba hana mutum sunansa ba.

Bayan la'asar muka koma rumbun bayanai. SQLite, rumbun da muke amfani da shi, in ba a tsaurara ba, zai karɓi kalmar "goma" a gurbin lamba bai ce uffan ba. Teburan STRICT, masu tilasta wa kowane gurbi nau'in bayaninsa, da suka zo a siga ta 3.37 a 2021, sun toshe wannan. Muka ƙara sharaɗin CHECK a kan adadi, UNIQUE a kan lambar rasit don kada ta maimaitu, muka kunna foreign_keys mai tabbatar da alaƙa tsakanin tebura, wanda a kashe yake zuwa, kuma sai an kunna shi duk lokacin da aka buɗe rumbun.

Kafin magariba muka sake loda takardar jiya. An ƙi layi uku, kowanne da dalilinsa, har da na -15 ɗin. Gobe sai gurbin kwanan wata, don 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, kwamfutar shagon kuwa an saita ta da tsarin Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana.