Hanyar mota ɗaya a tsibirin Skye

Ƙarfe 8 na safe muka bar birnin Inverness da ke arewacin Sikotilan, muka nufi tsibirin Skye a wata ƙaramar bas mai cin mutum 16. Ni da abokin karatuna ɗan Zariya ne kaɗai baƙaƙen fata, sauran Amurkawa ne da 'yan China da Jamusawa biyu. Watan Yuni ne, lokacin da rana ba ta faɗuwa a arewacin Sikotilan sai bayan ƙarfe 10 na dare, don haka tun a mota mutumina yake ta lissafin Magariba da Isha'i.

A garin Kyle of Lochalsh muka hau gadar da ake bi a shiga Skye. Kafin 1995 sai da jirgin fito ake haye wannan ruwa. Da aka buɗe gadar aka ɗora kuɗin wucewa, mutanen tsibirin suka yi ta tirjiya har aka soke shi a 2004. Mazauna Skye dubu 10 ne da 'yan kai, amma baƙin da ke zuwa kallo a shekara sun ninka su sau da yawa.

Ban gane abin da wannan ke nufi ba sai da muka karya zuwa kwarin Glen Brittle. Kwaltar faɗin mota ɗaya ce tak. Jefi-jefi an ɗan faɗaɗa gefe inda ɗaya zai raɓe ɗaya ya wuce. To, a irin wannan wurin ne wani ya ajiye motar nan mai ɗakin kwana a ciki, ya fita ɗaukar hoton tumaki. Mu ga mu, ga wani dattijo makiyayi ya taho ta gaba yana jan tirela cike da raguna, bayansa motocin haya sun yi layi. Direbanmu ya sa giyar baya, ya yi ta lallaɓawa, taya na taɓa bakin kwata. Da dattijon ya zo daidai mu sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari, gaisuwarsu ke nan, amma fuskar nan a murtuke. Direba ya ce, "Kun ga hanyar nan? Ita ce motar asibiti ke bi idan wani ya faɗi a ƙauyen can."

Wurin da muka nufa sunansa Fairy Pools, wato tafkunan aljanu. Abokina ya ce shi dai bai taɓa jin Bahaushe ya biya kuɗi don ya kai wa aljanu ziyara ba. Ruwa ne garai-garai yana gangarowa daga duwatsun Cuillin, kana hango tsakuwar ƙasansa, sanyinsa kuwa har ƙashi. Sai dai ƙasar wurin kamar fadama take, baƙa mai riƙe ruwa. Duk wanda ya kauce wa taɓo ya taka ciyawa, gobe nan ma ya zama taɓo. Ni kaina na sauka daga hanyar tsakuwa don in wuce wani ayari, takalmina ya nutse har idon sawu, na bar rami a wurin.

Akwai filin ajiye motoci mai ɗaukar kusan 140, da banɗaki, a filin da ƙungiyar mutanen yankin Minginish ta mallaka. Kuɗin da ake biya da shi ake kula da wurin. A da, in ji direba, a gefen hanya ake jibge motoci, a kuma zaga bayan duwatsu.

Na zo da tunanin bas ce mai laifi. Da na ƙirga, mu 16 mota ɗaya ta kawo, motocin haya kuwa bibbiyu suke ɗauka. Laifinmu daban ne: duk bas-bas ɗin lokaci guda suke sauke mutane, a tattake wuri awa ɗaya a tashi, guzurin ma daga Inverness muka sayo shi.

A Portree, babban garin tsibirin, muka kwana. Matar da ta ba mu masauki ta ce ɗanta ya rasa gidan haya a garin, gidaje da yawa sun koma na saukar baƙi. Ta faɗa tana miƙo mana makulli, ta tambaya ƙarfe nawa za mu karya. Muka ce ƙarfe 7, muka hau sama jiran rana ta faɗi.