Shekarar da kasuwa ta motsa, marasa aiki suka ƙaru

Na bar ofishin bincikenmu na Yamai, amma rahoton 2024 bai bar raina ba.

A watan Fabrairun shekarar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar, daga baya wutar lantarkin Najeriya ta dawo, a watan Mayu kuma aka fara lodin ɗanyen man Agadem ta Benin. Kasuwa ta ɗan motsa. Sai binciken da muka yi gida-gida ya nuna marasa aiki sun ƙaru. Darakta ya tsayar da ni gaban kowa ya ce, "Kai yaro, ƙasa na farfaɗowa, kai kuma wannan ka kawo mini?" Ya ce yaran da muke turawa gidaje yin tambayoyi gindin bishiya suka zauna suka cika takardu. Ya sallami wasunsu, ko kuɗin man babur bai biya su ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba ma'aunin." Ga ƙungiyar ƙwadago ta duniya, marar aiki shi ne wanda ba ya aiki, yana nema, kuma a shirye yake ya kama. Lokacin takunkumi, saurayin da ya fid da rai ya koma fada, wato majalisar samari, yana shan shayi ba ya cikin lissafin. Ranar da ya ji ana ɗaukar ma'aikata ya kwashi takardunsa zuwa ANPE, hukumar samar da aikin yi, ranar ya shiga sahun marasa aiki. Wanda kuwa ya yi kabu-kabu na awa ɗaya a mako, ma'aikaci ne a takarda. Shi ya sa alƙaluman Bankin Duniya ke nuna rashin aiki a Nijar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, abin da ko mai shayi zai yi wa dariya.

Ban ce duk ƙarin alheri ne ba. Bututun mai yana kumbura arziƙin ƙasa, amma mutanen da yake ɗauka kaɗan ne. Darakta dai bai so jin ko ɗaya ba.

Ga wanda zai gaje ni: kada ka kai adadin marasa aiki shi kaɗai, haɗa shi da na waɗanda suka fito nema. Binciken damina kada ka gwada shi da na rani, lokacin da samarin Tawa suka tafi cin rani. Ka kuma ajiye kwafin komai.

Rahoton ya fita babu wannan shafin. Sunan darakta na bango, yaran da aka sallama har yau suna bin kuɗinsu.