Bazara a gonar kulawa: haihuwar tumaki, ɗanyar ciyawa da rabon aiki

Gonar da nake aiki ƙarama ce: tumaki 'yan kaɗan, awaki, jakuna biyu, kaji da zomaye. Ba don kasuwa ake kiwonsu ba. Gonar kulawa ce, inda mutane masu buƙata ta musamman suke zuwa kwana ɗaya ko biyu a mako su yi aiki tare da mu: dattawan da mantuwa ta fara kamawa, masu jinkirin fahimta, masu fama da ciwon damuwa, da matasan da zaman aji ya gagare su. Inda muke hunturu da ƙanƙara yake zuwa, sai wajen Maris sanyi ya sassauta, yini ya ƙara tsawo, ciyawa ta tsiro. Daga nan zuwa ƙarshen Mayu aikin shekara yake taruwa. Wahalar ita ce dabba ba ta san agogo ba, su kuwa mutanenmu da agogo hankalinsu yake kwanciya: abin da aka yi jiya da ƙarfe goma, shi suke so a yi yau da ƙarfe goma. Shi ya sa na koyi raba aikin gida biyu. Wanda za a iya aunawa a rubuta a allo, nasu ne. Wanda ke zuwa ba sallama yana neman a yanke shawara nan take, na ma'aikata ne.

Shirin haihuwa tun kaka yake farawa. Cikin tunkiya kwana 147 ne, da ɗan ƙari ko ragi, don haka ragon da aka saka cikin garke ranar 5 ga Nuwamba, 'ya'yansa za su fara faɗowa wajen 1 ga Afrilu. Tunkiya takan nemi barbara duk bayan kwana 17, shi ya sa muke barin ragon kwana 34 kawai mu cire shi, domin haihuwar ta taru cikin 'yan makonni maimakon ta ja mu har damina ta yi nisa muna kwanan zaune. Idan cikin ya kai kwana 70 zuwa 90 sai mai na'urar duba ciki ya zo, mu sa wa kowace alama a baya: mai ɗaya, mai tagwaye, mai 'yan uku. Amfanin wannan a wajen abinci yake. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan da ke ciki a makonni shida na ƙarshe yake faruwa, daidai lokacin da mahaifa ta matse tumbi tunkiya ba ta iya cika shi da busasshiyar ciyawa. Mai tagwaye tana bukatar ƙarin haɗaɗɗen abinci, a fara da kaɗan ana ƙarawa mako-mako, kuma kada ya wuce rabin kilo a ci ɗaya, in ba haka ba tumbin ya yi tsami. Wannan awon aikin mutanenmu ne: sikeli, bokiti mai launi iri ɗaya da alamar da ke bayan tunkiyar, da lamba a rubuce. Abincin shanu ko gishirin lasa na awaki ba ya shiga wannan ɗakin ko da wasa, domin sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, da ke cikinsu yana taruwa a hantar tunkiya ya kashe ta.

Idan abincin ya gaza, mai tagwaye takan ware daga garke, ta ƙi ci, ta riƙa cizon haƙora, ta tsaya kamar ba ta gani. Jikinta ne ya koma cin kitsensa. A kira likitan dabbobi a ranar, a ɗura mata maganin ƙarin kuzari da ya ba da, kada a jira gobe. Ƙarancin kalsiyam ma haka yake kamawa, sai dai shi allura ɗaya takan tashe ta cikin awa guda. Makonni huɗu zuwa shida kafin haihuwa kuma ake maimaita allurar rigakafin cututtukan kilostiridiya, ƙwayoyin da ke kashe tumaki farat ɗaya, domin kariyar ta gangara cikin dakashi.

Akwai dokar da ba na sassautawa. Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ba ta shiga rumfar haihuwa, ba ta taɓa jaririn da bai bushe ba, ba ta wanke rigar aikin wanda ya karɓi haihuwa. Ƙwayoyin da ke sa tumaki ɓari, irin su kilamidiya, toksofilasma, listeriya da zazzaɓin Q, suna cikin mabiyiya da ruwan haihuwa, kuma suna iya taɓa cikin mutum. Ba ƙaramin abu ba ne: tsakanin 2007 da 2010 zazzaɓin Q da ya taso daga gonakin awakin madara a Holan ya kama mutane fiye da 4,000. Mai raunin garkuwar jiki ma daga bakin shinge yake kallo. Wanke hannu kuwa da sabulu ne da ruwan famfo mai gudu, kafin cin abinci da bayan taɓa dabba. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe kiriftosiforidiyam, ƙwayar da ke cikin zawon 'yan raguna da maruƙa. Wurin wankin a ƙofar fita muka kafa shi, ta yadda ba a wucewa sai ta gabansa, domin mai mantuwa ba ya riƙe gargaɗi amma yana bin hanyar da ƙafarsa ta saba.

Tunkiyar da naƙuda ta kama takan koma lungu, ta riƙa tonon ƙasa, ta kwanta ta tashi, ta ɗaga hanci sama. Faya ta fito, sai ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu. Yawancinsu ba sa bukatar kowa, kuma yawan 'yan kallo yana tsayar da naƙuda, saboda haka mutum biyu ne kawai ke tsayawa, a zaune, ba surutu. Idan ta yi minti 30 zuwa awa guda tana yunƙuri babu ci gaba, sai ma'aikaci ya sa safar hannu doguwa da man santsi mai yawa ya duba. Abin da aka fi samu shi ne ƙafa ɗaya ta koma baya, ko kai ya fito shi kaɗai, ko tagwaye sun taho tare. Kafin a ja komai a bi ƙafar da yatsa har kafaɗa a tabbatar ita da kan na ɗa ɗaya ne. Idan an yi minti goma ba a gane kan abin ba, kiran likita a waya ya fi ƙarfin hannu amfani.

Da ya faɗo, a share masa hanci da baki, a ajiye shi gaban uwar ta lashe. Cikin minti 15 a tsoma cibiyar cikin aidin mai ƙarfi, a maimaita bayan awa biyu zuwa huɗu, domin ɗanyar cibiya ƙofa ce ga ƙwayoyin da ke kumbura gaɓoɓi bayan mako ɗaya ko biyu. A matsa kowane kan nono a ga ya buɗe. Sannan a kai su ɗan keji nasu su kaɗai, mai sabuwar shimfiɗa, na yini ɗaya ko biyu, su san juna.

Duk abin da na koya game da rayar da ɗan rago yana komawa ga dakashi. Ana haifarsa ba shi da garkuwa ko kaɗan, daga nonon farko yake samunta, kuma hanjinsa yana rage karɓarta sosai bayan awa shida, ya rufe wajen awa 24. Ƙa'idar ita ce mililita 50 ga kowane kilo na nauyinsa cikin awa biyun farko, da mililita 200 ga kowane kilo cikin yinin farko. Ɗan kilo huɗu ke nan yana bukatar mililita 200 da wuri, 800 kafin gobe war haka. Ganinsa a ƙarƙashin uwa yana kaɗa wutsiya ba shaida ba ce. A ɗaga shi a taɓa cikin bayan haƙarƙari: wanda ya sha cikinsa a cike yake, wanda bai sha ba a lotse. Idan bai sha ba sai a tatsi uwar a ba shi ta siririn bututu. A auna bututun daga baki zuwa haƙarƙarin ƙarshe, a zura ta gefen baki a hankali yana haɗiya. Idan ya shiga daidai za a ji shi da yatsa a gefen hagu na wuya. Dakashin da aka daskarar a narkar da shi cikin ruwan ɗumi, domin zafi mai yawa yana lalata garkuwar. Wanda ya rasa dakashi shi ne za ka tarar bayan yini ɗaya ko biyu ya yi laushi, haɓarsa jiƙe da yawu, ciki ya kumbura, kuma da wuya a ceto shi.

Sanyi shi ne na biyu, ko da rana tana haske. Zafin jikin ɗan rago lafiyayye digiri 39 zuwa 40 ne, ana aunawa ta dubura. Tsakanin 37 da 39, a goge shi ya bushe, a ba shi dakashi, a mayar wa uwa a wurin da iska ba ta bugawa. Ƙasa da 37 sai an kalli shekarunsa na awoyi. Wanda bai kai awa biyar ba yana da sauran kitsen da aka haife shi da shi, sai a ɗumama shi tukuna a ciyar. Wanda ya wuce awa biyar ya ƙone wannan kitsen, idan aka ɗumama shi ba a ba shi sukari ba sai ya hau shure-shure ya mutu. In yana iya ɗaga kai a ba shi dakashi ta bututu. In ba ya iyawa, bututu zai kai madarar huhu, sai allurar gulukos mai kashi 20 a cikin ciki, mililita 10 ga kowane kilo, wadda likita ne zai koya wa mutum da hannu kafin lokacin ya zo.

Marayu da na ukun 'yan uku su ne rabon mutanenmu, kuma babu aikin da suke so kamarsa. Nan ma da awo: garin madarar 'yan raguna a sikeli yadda aka rubuta a buhu, ɗumin jiki, sau huɗu a yini da farko. Ɗan ragon yana tsaye da ƙafafunsa, ba a rungume kamar jariri ba, ramin kan bulumbotin kuma ƙarami. Mai tausayi yakan so ya ƙara masa don yana kuka, to madara mai yawa a tashi ɗaya ita ke kumbura ciki ta kashe ɗan da ya fi kowa ƙiba. Shi ya sa muke cika kwalaben tun a kicin, abin da ke ciki shi ne ke nan. Ana yaye su idan sun kai kwana 35, nauyinsu ya ninka na haihuwa sau biyu da rabi, suna cin kamar giram 250 na busasshen abinci a yini. Namijin da aka shayar da hannu a dandaƙe shi ko a fitar da shi, domin ya daina tsoron mutum, kuma tunkuyin wasa na yau shi zai kayar da dattijo baɗi. Wani lokaci kuma ɗan yakan mutu duk da ƙoƙari. Muna faɗa da kalmar da kowa ya sani, ya mutu. Idan aka ce wa mai jinkirin fahimta ya yi barci ko ya tafi, zai yi ta jiran ya dawo.

Ɗanyar ciyawa tana da nata sharrin. Tana da ruwa da sukari, ba ta da kaushi, kuma magniziyam ɗinta kaɗan ne. Tunkiya mai shayar da tagwaye za ta iya fara rawar jiki da tangaɗi ta faɗi cikin awoyi, don haka gishirin lasa mai magniziyam yana fili kafin su fita, busasshiyar ciyawa kuma ba a ɗauke ta. Awa ɗaya ko biyu ake farawa da kiwon ɗanyar ciyawar, bayan sun ci busasshiyar sun ƙoshi, a ƙara a hankali cikin mako biyu. Jakuna sun fi ba ni tsoro. Jikinsu na ƙasa mai ƙarancin abinci ne, sukarin sabuwar ciyawa yana kumbura naman cikin kofato. Alamar ita ce kofato da zafi, jijiyar bayan dunduniya tana bugawa da ƙarfi, dabbar tana taka ƙasa kamar mai tafiya kan ƙaya, ko ta yawaita kwanciya. Safiyar da aka kwana da jaura rana kuma ta fito tar, sukarin ya fi yawa, ranar ba sa fita da wuri. Muna yanka musu fili kaɗan-kaɗan da igiyar shinge, matsar da turakun kowace safiya kuma aiki ne mai kyau ga mutum biyu. Ciyawar da injin aski ya tara ba a ba jaki ko zomo, tana yin zafi ta ruɓe da sauri.

'Yan raguna masu mako shida zuwa goma sha biyu su ne tsutsar nematodairus ke kamawa, wadda ƙwanta ke ƙyanƙyashewa a tare idan yanayi ya haura digiri 10 bayan dogon sanyi. Tana sa zawo tun ba ta fara zuba ƙwai ba, don haka gwajin kashi ba ya kama ta da wuri. Maganin farko shi ne kada a sa su filin da 'yan ragunan bara suka yi kiwo.

Ƙyanƙyasar kaji a inji ta fi komai dacewa da allo: kwana 21, digiri 37.5, a juya ƙwai aƙalla sau uku a yini, a haska su da tocila wajen kwana na bakwai zuwa goma a cire marasa jijiya. Daga kwana na 18 a daina juyawa, a ƙara laima, kuma kada a buɗe murfin, abin da ya fi wuya ke nan idan mutum shida sun kewaye akwatin suna jin kukan ɗan tsako a cikin ɓawo. 'Yan tsaki suna son digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a rage kamar uku duk mako. Idan sun cure ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, idan sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Kada a shimfiɗa musu jarida, santsinta yana ware ƙafafu, kuma a zuba tsakuwa cikin mazubin ruwa don kada su nutse. Kusan rabin abin da zai fito zakaru ne, kuma cikin mako guda kowanne zai samu suna da mai shi. Inda za a kai su, muna yanke shawararsa ne tun kafin a kunna injin.